Kukan Jan Babur

Zuwa ga angona Miskili,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, mu ga ko karatun naka yana da amfani. Bakanike ne ya shekara goma sha biyu kunnensa a toshe, amma babu kukan injin da ya taɓa ɓace masa. Da me yake ji? Ka yi ta tunani, ba sauri nake ba.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya abokan zama? Ni lafiya lau, in dai ci da kwanciya ne lafiya. Yau wata biyu da rasuwar kakanka. Masu zuwa gaisuwa sai yabon haƙurina suke yi. Ba haƙuri ba ne, Miskili, ba na jin komai ne kawai. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya, sai da matar kawunka ta yamutsa fuska na sani.

Kawunka ya buɗe gareji. Akwai wani jan babur na malamin dabbobi da ya hana shi sakat. Irin wanda ba sarƙa ke juya kamshaf ɗinsa ba ne, wato sandar da ke buɗe bawul, giyoyi ne haƙori cikin haƙori. Kada ka ce ina na san wannan, shekara arba'in bangon ɗakina shi ne bangon gareji. An kawo shi ne don wata 'yar ƙwanƙwasa da yake yi in ya yi zafi. Kawunka ya sa masa sabuwar giya guda, ƙwanƙwasa ta tafi, kuka ya zo. Siriri, kamar sauro ya shiga tulu. Malamin ya ce zuwa Asabar in bai gyaru ba zai kai shi gaba. Kawunka kuma ya rantse in babur ɗin ya fita yana wannan kuka, zai sa wa gareji kwaɗo ya koma tuƙin mota.

Ka gaida duk mai tambayata.

Matarka ta gida,
Kakarka

Zuwa ga Miskili, mijin da ba cefane,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin naka, murar ta sake ka? Saƙonka ya iso. Ka ce wai da hannu yake ji. Ashe kai ma kan naka ado ne.

Kawunka ya buɗe injin nan sau uku. Ya saita bawul, ya canza boris, ya juye baƙin mai. Kuka na nan. Mutum biyu sun zo jiya sun tura baburansu sun tafi, ko gyara ba a fara ba. Ina zaune a ɗaki ina jin ƙarar tayoyinsu a kan tsakuwa. Na ce wa kaina ya kamata raina ya ɓaci. Bai ɓaci ba.

Da rana ya shigo cin abinci, bai wanke hannu ba, ya zauna a bakin ƙofata. Ya ce Tsoho ya koya masa sufana, ya koya masa ɗauri da kwancewa, amma ya hana shi kunne. Ka san halin kakanka: ba ya sauraron inji gaban kowa. Sai azahar ta yi ya kori kowa, har ɗansa, ya ja ƙofa, ni kaɗai ke shiga da kwanon abinci. Kawunka ya ce ya daɗe da gane cewa uban bai taɓa ganin ya isa ba. Ya faɗa a hankali, yana goge baƙin mai a gwiwar wandonsa. Gemunsa da furfura, amma ya koma mini kamar ranar da aka kai shi makaranta.

Bari in rage maka rabin aiki. Bakaniken kacici-kacicin nan kakanka ne. Ƙarar salansar babura ce ta cinye masa kunne. Magana yana tsinta a leɓe, shi ya sa kuke cewa yana tsare mutum da ido. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, don wa zai kai inji wurin kurma? Yau ga shi na faɗa maka, kai da bakinka ba ya riƙe ko ruwa. Ban san ko zan faɗa wa kawunka ba. Jibi ne Asabar.

Taka har kullum,
Kakarka

Zuwa ga Miskilina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga garejin, karo na farko tun rasuwar. Kujerarsa na nan, da ramin da zamansa ya yi mata. Na ce wa kawunka ya ja ƙofa, ya miƙo mini dogon sukudireban nan mai ƙotar katako. Ya dube ni kamar na taɓu, amma ya miƙo. Na ce ya tayar da injin tun yana sanyi. Na ɗora bakin ƙarfen a kan murfin giyoyin, ƙotar a kunnena, na rufe ido.

Kukan yana hawa in an murɗa totur, yana sauka in an saki. Babu tsalle a cikinsa, don haka ba haƙori ne ya karye ba. Da injin ya ɗau zafi sai ya ɗan lafa. Ban san lokacin da na ɗaga yatsa na ja shi sama a hankali ba, alamar matsi ke nan tsakanina da kakanka. Na juya hagu inda kakanka ke tsayawa. Kawunka ne kawai a dama, baki buɗe. Dole na faɗa da baki: sabuwar giyar ta matse tsohuwar, babu rata ko kaɗan.

Na sa ya kwance murfin, ya yanko siririyar takarda ya bi da ita tsakanin haƙoran. Ta fito a yayyage. Ya mayar da tsohuwar giyar, takarda ta fito da lanƙwasa kawai. Ya rufe ya tayar, kuka ya ɗauke. 'Yar ƙwanƙwasar ta dawo, na ce ya bar ta, numfashin giya ne, haka kakanka ke gaya wa masu babur. Malamin dabbobi ya zo Asabar, ya zaga unguwa sau biyu, ya tafi da abinsa yana murmushi. Ba a sa kwaɗo ba.

Na gaya wa kawunka komai. Ya zauna a kujerar uban ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Ni ina tsaye da sukudireba a hannu, ina jira nawa ya zo. Bai zo ba. Na tambaye shi ko a kawo masa abincinsa nan. Ya ce daga gobe in riƙa shigowa da azahar, shi ma zai sa kunnensa bayan nawa har ya iya. Na ce to, in gwiwa ta bar ni.

Ka gaida abokanka, ka riƙa cin abinci, ba na son miji ƙashi da rai.

Taka,
Kakarka

Na manta. Amsar kacici-kacicinka: da kunnen matarsa yake ji. Shekara goma sha biyu, kullum da azahar.