Kaskon da Baba Ya Bari Ɗanye

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma sassauta muku sanyin nan da kake ta kuka da shi a waya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙwarinta, gwiwa ce dai take taɓa ta idan hadari ya haɗu, amma bakin nan nata, ka san shi, ko kaɗan bai gaji ba. Maigidana ya warware daga murar da ta kwantar da shi. 'Yata, 'yar lelenka, ta zubar da haƙoran gaba, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki. Ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina, waɗanda har gobe in na ce su zana bishiya sai su zana mini tsintsiya a tsaye.

Na san za ka ce me ya hana Auta ta faɗi wannan a waya. To, a waya kai ne mai magana, ni kuwa sai "to, to", kafin in haɗa zancena ka ce ana nemanka a wurin aiki. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta ba tare da ka katse ni ba. Maganar a kan abin da ka roƙa ne, cewa in aiko maka da wani abu na Baba, Allah ya jiƙansa, tunda ba ka samu ikon zuwa ba lokacin rasuwar.

Ka tuna ɗakin nan na baya inda ake jibge tsofaffin katifu? Ni na gyara shi, nan nake aikina idan na dawo daga makaranta. Tagarsa tana kallon yamma, da la'asar haske yakan shigo ya kwanta a kan tebur, ya bi gwangwanayen fenti ɗaya bayan ɗaya har ya hau bango. Tun bayan rasuwar nake ƙoƙarin zana fuskar Baba a nan, ta ƙi. In na rufe ido ina ganinsa sarai, har da ɗan tabon nan na gira, ina ɗora fensir a takarda sai wani baƙo ya fito yana kallona. Na gwada da gawayi, na gwada da fenti, duk kanwar ja ce. Daga baya na haƙura, na koma zana kujerarsa da hasken da ke sauka a kanta. Wani lokaci ina riƙe da buroshi sai hankalina ya tafi, in gan mu muna yara a gaban babbar motarsa yana tuƙi, hanya tana ta miƙewa ba ta ƙarewa, sai fentin ya bushe a bakin buroshin ban sani ba.

Abin da ba ka sani ba, a watanninsa na ƙarshe Baba yakan shigo ɗakin nan ya zauna. Mutumin da ya ce wai an kai ni makaranta na dawo da wasan taɓo! Yakan zauna yana kallona ina gina tukwane, yana gyara mini aikin da bai taɓa yi ba. Wata rana ya ce in ba shi curin yumɓu. Na ce sai ya fara murza shi sosai tukuna don iskar da ke ciki ta fita. Ya harare ni, ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana murza sitiyari ba yarinyar da ya goya a kafaɗa za ta koya masa murza ba. Haka ya ƙi. Ya danna, ya lailaya, hannun yana rawa, har ya fitar da wani kasko mai kauri, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da ya gama sai ya sa babban yatsansa ya danna a tsakiya, ya turo mini, ya ce, "Malama, a ba ni maki." Na ce ya ci da ƙyar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ɗora kaskon a kan kanta don ya bushe, ban sake bi ta kansa ba sai bayan da muka rasa shi.

Wannan kaskon ne na yi niyyar ya zama naka, Yaya. Amma ɗanye ne, ba a gasa shi ba. Yumɓun da bai shiga wuta ba ƙasa ne har yanzu, danshi yana cinsa, in ruwa ya taɓa shi ya koma taɓo. Gashi ne yake tsayar da shi. Sai dai kuma idan an bar iska a ciki, kamar yadda Baba ya bari, wuta tana kama shi zai iya tarwatsewa. Ka ga inda na tsaya: in na bar shi ya ƙare a hankali, in na gasa shi ina iya rasa shi a yini ɗaya. Na kai wa Inna maganar, ta ce ko kusa, a bar shi yadda mai shi ya bar shi, wai ni komai na gani sai na cusa a wuta. Na bar shi a kan kanta. Kullum in na shiga ɗakin nakan sa yatsana a gurbin nan, yatsan ya yi ta yawo a ciki don faɗinsa, in ɗan tsaya haka kafin in fara aiki.

Da damina ta kankama, bangon ɗakin ya fara jiƙewa, bakin kaskon ya soma zubar da gari. Wata safiya Inna ta shiga share ƙura, ta sa tsumma ta goge shi da tausayi, sai wani ɗan gefe ya ɓalle ya marmashe a hannunta. Na same ta a tsaye tana kallon garin a tafinta. Ba ta yi kuka ba, ka san Inna. Ta cire mayafinta ta naɗe kaskon, ta miƙo mini, ta ce, "Kai shi. Gara in ji ya fashe da in riƙa share shi da tsintsiya."

Na kai shi tanderun makaranta ran da babu aikin ɗalibai a ciki, na sa shi shi kaɗai. Na fara da wuta kaɗan kaɗan, ina lallashinta, yadda ban taɓa yi wa tukunyata ba. Na jawo kujera na zauna a gefe. Zafin ya sa ni wani irin gyangyaɗi da ido biyu, ina jin ruwa yana sauka a kan kwano, ina ganin kamar Baba yana ciki a zaune, ya miƙe ƙafa yana shan ɗumi, yana cewa wannan wutar ma ba ta iya ci ba. Can da rana ta yi sai na ji ƙas daga ciki. Wallahi Yaya, zumbur na miƙe. Kuma ba dama in buɗe, don in iska mai sanyi ta shiga, abin da bai fashe ba ma sai ya fashe. Dole a jira tanderu ya huce. Na koma gida Inna ta dube ni, na ce sai gobe, ba ta ƙara tambaya ba.

Washegari na koma na buɗe. Yana nan, Yaya! Tsaga ce siririya ta bi ta gefen da ya ɓalle, ita ce ƙarar da na ji. Ya yi ja, na ƙwanƙwasa shi ya amsa. Don murna na sa yatsana a gurbin kamar yadda na saba, sai na ji bai yi yawo ba. Ya zauna cif, kamar ni na danna. Ni da nake gaya wa ɗalibai kowane zango cewa yumɓu yana tsukewa a wuta, su riƙa gini da ɗan girma, duk tsoron fashewa ya mantar da ni. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, ban san na murna ba ne ko na baƙin ciki.

Da na nuna wa Inna ta juya shi, ta gwada nata yatsan. Sannan ta ce duk gidan nan kai kaɗai ka ɗauko hannun Baba, da ka zo tun yana ɗanye da naka ne zai zauna daidai. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ni ma ba don in sosa maka rai na rubuta ba, na san abin da ya tsare ka. Kaskon naka ne, kai ka roƙa. Amma ba zan ba kowa saƙonsa ba, ba zan sa shi a kwali ba. Yana ɗakin Inna a kan tebur, kullum da safe tana goge shi, yanzu ba ta tsoro. Yatsanka ba zai shiga ba, na sani. Ka zo duk da haka, tun Inna tana nan ta miƙa maka shi da hannunta.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Babban Yaro, da 'yan biyu, ka ce musu gwaggonsu tana jiran zanen da suka yi mata alkawari. Inna tana sa muku albarka, Kawu da maigidana suna gaisuwa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai wasan taɓo,
Auta