Kun Ƙirga Mu Ranar da Muke Gona

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu da ke Dutse,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibinka ne a shirin nan da kowa ke haɗa darussan da suka dace da rayuwarsa. Ni na haɗa dabarun koyarwa da kiwon dabbobi. Na haura arba'in, ina da iyali, ina noma a wani ƙauye kusa da Taura, kuma ni ke riƙe da makarantar allon da mahaifina ya bari. Zango ɗaya ya rage mini, shi ma ga shi yana neman kuɓuce mini.

Na ɗaya. An sanar da mu cewa an ɗauke darussanmu daga Asabar da Lahadi an mayar da su safiyar ranakun aiki, wai an gano yawancinmu matasa ne mazauna gari. Da na bi ba'asi, sai aka ce jami'anku ne suka shiga aji suka ƙirga waɗanda suka tarar.

Na biyu. Ranka ya daɗe, Asabar ɗin da suka zo ita ce washegarin ruwan shuka. Don Allah wane manomi ne zai bar ƙasa da laima ya hau mota zuwa Dutse? Duk muna gona. Matan ajinmu kuwa suna gida suna girka wa masu shuka. 'Yan samarin unguwar Takur da ke cikin Dutse kaɗai aka samu a kan benci. Ba laifinsu ba ne, yaran kirki ne, su ke koya mana latsa waya ma. Amma su aka rubuta a madadinmu duka.

Na uku. Safiya ba tawa ba ce. Daga asuba har hantsi ina zaune da yara ina biya musu karatu. Asabar da Lahadi ƙanena ke riƙe mini su, don ba ya zuwa aiki. Sauran ranaku ba ni da kowa. Yanzu ko dai in rufe makarantar mahaifina, ko in ajiye karatun da aka sha yi mini dariya a kansa, ana ce mini ɗan boko mai furfura. Ba zan iya ko ɗaya ba. Wallahi tun da aka yi sanarwar nan abinci ba ya shiga mini, na rasa inda zan sa kaina.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a dakatar da sauyin nan, a sake turo jami'an wata Asabar bayan an gama noman farko, su ga dattawa da iyaye mata da ke cika ajin. In hakan ba zai yiwu ba, a bar mu da muka kusa gamawa mu ƙarasa yadda muka fara.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon adalci, ya sa ka gama lafiya. Mu ba gudun karatu muka yi ba ranar nan, geron da za a ci bana muke shukawa.

Wassalam.

Ɗalibinka daga ƙasar Taura.