Gaisuwar da ta makara shekara tara

Litinin, 7 ga Afrilu, 1975
Na gaji. Yini guda kan tafireta a ofis, sannan Modupe, ɗalibar wasan kwaikwayo, ta tsare ni a bakin titin Samaru. Wai za ta yi fim na ƙawaye biyu da kyamarar aro, wai fuskata ta dace. Na yarda don ta ƙyale ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ashe Chinelo ce za ta fito a matsayin ɗaya ƙawar. Gida ɗaya muka tashi a Sabon Gari, kwano ɗaya, har rikicin 66 ya kore su, ya ci yayanta Amaechi. Da suka dawo na hango ta a kasuwa, na ɓuya bayan mai atamfa. Ban je gaisuwa ba. Uku ta wuce, arba'in ta wuce, shekaru sun wuce, da wane ido? Yau mun gaisa kamar a layin asibiti.

Asabar, 12 ga Afrilu
Kyamarar ba ta ɗaukar murya, sai daga baya a ɗora. Modupe ta ce, "Ku dai motsa baki, ko ƙirga ne." Haka muka zauna ƙarƙashin mangwaro a Palladan muna murmushi, ina ɗaya, biyu, uku, tana huɗu, biyar, shida. Na tsani kaina.

Laraba, 16 ga Afrilu
Zafi. Ciwon kai. Ba zan koma ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Na koma. Naɗin fim ɗaya ya rage, minti uku, babu sakewa. Modupe tana son dariya a ƙarshe, ta ja baya can nesa tana ɗaga mana hannu. Gobe kowa zai kama gabansa, na san ba zan ƙara samun Chinelo zaune kusa da ni ba. Na buɗe baki zan ƙirga, sai na ji na ce, "Ya haƙurin Amaechi? Allah ya ba ku dangana."
Chinelo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Barakatu, daga Samaru zuwa gidanmu shekara tara? A ƙafa kika zo?"
Na so in yi dariya, kuka ya zo. Ita ma haka. Modupe ta iso a fusace, wai fim ya ƙare a kan hawaye, me muka ce wa juna? Chinelo ta share ido ta ce, "Ƙirga muke."

Lahadi, 20 ga Afrilu
Na kai yadi shagon ɗinkin Chinelo. Ba don komai ba, telan Samaru ne ke ɓata min kaya. Ta ce in zo Laraba gwaji. Zane ne kawai, ba a gwada zane, ita ma ta sani.
Zan dai je.