Sandar Jirgin Malam

Belleville, Paris

Zuwa ga Yayata Hajiya Hamdiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Alhaji da dukan mutanen gida a Tahoua. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Tun rasuwar Malam ba na iya dafa abincin mutum ɗaya, kullum sai ya yi saura.

Yaya, autana Amine ya tafi, kuma saura kaɗan ya tafi ba da albarkata ba. Kin san tsohon jirgin ruwan nan mai tafiya da iska da Malam ya saya, wanda ya cinye masa kowace Lahadi yana goge-goge, ina yi masa tsiya wai mutumin Tahoua da jirgi. Burinsa ya kai shi teku, rai bai kai ba. To, Amine ya ce shi zai kai. Ya bi ta hanyoyin ruwa daga Paris, ni kuma na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon in yi masa rakiya, ɗauke da kilishi da dambun nama.

Da na iso bakin kogin inda ya ɗaure jirgin, wallahi sai na tsaya cak. Doguwar sandar nan da ake ɗaura wa ƙyallen iska, wadda Malam ya fi ji da ita, ga ta kwance tsawon jirgin bisa itatuwa, an naɗe ta da farin ƙyalle, an ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Ke ma kin san abin da na gani. Haka aka fitar da Malam. Na ce wa yaron ba zai kama hanya da makara a bisa kansa ba, ya tayar da ita yanzun nan. Ya ce ba zai yiwu ba, akwai gadoji gaba har bakin teku, ga shi ruwan sama ya cika kogin, kuma in ruwa ya hau sai sararin da ke ƙarƙashin gada ya ragu. Ina zancen zuciya, shi yana yi mini lissafin metir da Faransanci! Raina ya ɓaci, na ce in haka zai tafi ya tafi, amma bakina ba ya ciki.

Bai yi musu ba, halin ubansa sak. Ya roƙe ni in shiga ya rage mini hanya zuwa ƙarshen gari. Na shiga ina cika ina batsewa. Ya tada inji muka tafi. Da muka doshi gadar farko sai na ga kamar tana saukowa kanmu, ban san sanda na sunkuya ina salati ba. Can gaba ya nuna mini wani jirgi ɗaure a gefe, sandarsa ta karye biyu, wayoyi sun harɗe. Ya ce mai shi ya tayar da tasa ne don ya ɗauki foto, ya zaci za ta wuce, ta daki gada ta faɗo daidai wurin da matuƙi ke zama, mutumin yana kwance lopital yana jinya har yanzu. Na dubi wurin da abin ya fasa a jirgin can, na juyo na dubi inda ɗana yake zaune. Wuri ɗaya ne, Yaya.

Inda koguna biyu suka haɗu ya sauke ni. Na dafa kansa na sa masa albarka, na maimaita, har ya ce ya isa haka kar in sa shi kuka gaban mutane. Na ja masa kunne kada ya kuskura ya tayar da sandar sai ya wuce gadar ƙarshe, ko wa ya roƙe shi, ko ni ce. Na tsaya ina kallo har farin ƙyallen ya ɓace mini. Na komo Paris ni kaɗai.

Shekaranjiya foto daga Amine ya shigo telefon ɗina. Ga teku, ga sandar tsaye ƙyam, farin ƙyallen ya buɗe ya cika da iska. Don murna na miƙe da sauri na nufi ɗaki ina kiran Malam ya zo ya gani. Sai da na kama marfin ƙofa na tuna. Shi ya sa na sa aka wanke foton na saka miki cikin takardar nan, ko na samu wanda zai taya ni kallo.

Ki gaida Alhaji, da Moctar da iyalinsa, da Inna Fatou. Ku sa Amine cikin addu'a, ku sa ni.

Ƙanwarki mai kewarki,
Raliatou