Jarumin da Bai Leƙo Gida Ba

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Anti Saratu da yara? Mu nan Samaru lafiya, sai ƙafar Baba da har yanzu ba ta ɗaukarsa.

Gidan jaridar nan na Abuja sun sake kirana kan aikin. Na roƙi su ƙara haƙuri, don ba wanda zan bar wa Baba.

Jiya na kunna masa fim ɗin jarumin nan mai tashi sama da ake yayi. Da ya ƙare ya ce, "Rifkatu, labarin nan da sake. Mutum ya zagaya duniya kafin ƙiftawar ido, amma tsohuwarsa na kwance bai leƙo ta ba?"

Na ce ai ceton gari yake yi, kuma ya bar ta a hannun ƙanwarsa.

Ya ce, "To ita ƙanwar, wa zai cece ta?"

Gyaran labari sana'ata ce, amma wannan karon Baba ne ya yi gyaran. Ba wanda ya ambaci sunanka.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Baba ya ce da Kirsimeti za ka zo. Abuja dai ba su ce za su jira ba tukuna.

Ƙanwarka,
Rifkatu