Kwali a Jakar Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan ka sauke kaya lafiya, tsohuwar motar nan ba ta yi maka tari a hanya ba. Idan ka buɗe jakarka za ka ga kwali a ƙarƙashin tawul. Ba alawa ba ce, kada ka raba wa yara. Kwaroron roba ne. Ka koyi buɗe shi kafin ka koma gida wurin Anti.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ba ka da kunya. A gaban direbobi na zazzage jakar, har yanzu dariya suke yi mini. Ƙadangaren da ka sa mini a takalmi na yafe, wannan kam ban yafe ba. Don ka raka ni asibiti ka ji sakamakona, shi ne za ka raina ni? Ni mutum ne mai tsarki. Ina gamawa nake wanka, ita ma haka. Ka kama bakinka.

Wassalam.
Yayanka

Yaya,

Ina gaisuwa, ko ba za ka amsa ba. Ƙadangare wasa ne, wannan ba wasa ba ne. Allo kawai na yi, amma babin tsarki tare muka sha bulala a kansa: janaba wanka yake ɗaukewa. Likita a gabana ta ce ƙanjamau yana cikin maniyyi. Kafin ka ɗauki buta ya riga ya shige jikin Anti, kuma buta ba ta bin sa can.

Ka sha maganinka, ka sa robar, ka faɗa mata. In ka shiga ɗakinta ba ka faɗa ba, wallahi ni zan faɗa. Ka san bakina ba shi da murfi. Ka mare ni, ka daina kula ni, ko ka kai ƙarata wurin Inna, sai ka gaya mata dalili. Matar da take ɓoye ni a bayan ƙofa duk ranar da ka biyo ni da bel, ba zan zuba ido a cuce ta ba.

Allah ya huci zuciyarka.
Auta

Mijina ƙarami,

Sallama da gaisuwa. Yayanka ya faɗa mini a tsaye bakin ƙofa, ko jaka bai ajiye ba. Na yi kuka, na zage shi, na je gwaji. Ba su ga komai ba, sun ce in sake komawa. Ban sani ba ko na yafe masa. Kwalin dai yana hannuna.

Yayanka ya ce kada ka ƙara taka gidan nan. Ni na ce ka zo.

Sai na gan ka.
Anti