Ranar da 'Yan Tsallake Suka Maido Shi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Saƙon ta'aziyyarki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Yaya, har yau ba a ga gawar Baban yara ba. Yana tsakiyar kogi da fasinja aka buɗe wuta daga tsallake. Filafilinsa kawai aka tsinta, na jingine shi a bayan ƙofa inda ya saba ajiyewa.

Kin san sojojin ƙasar waje sun kafa sansani a bayan gari, suka jefa bam a wani sito a tsallake, wai gara su riga kai hari kafin a kawo mana. Ko a zaman makoki gardamar da ake ke nan. Tela ya ce da baƙin ba su zo ba, da ba wanda ya taɓa mu. Malamin makaranta ya ce mutanen can sun daɗe suna tara makamai, da an jira da garin duka aka ƙone. Ni da ko firamare ban gama ba, sai dai in miƙa musu ruwa in kalli filafili.

Babbar damuwata ɗan naki, babban yaronmu. Sojojin suna so su ƙetare su sake riga su, suna neman wanda ya san hanyar ruwa. Uban ya nuna masa kowane dutse tun yana kan cinya. Yaron ya ce wa sojojin to. Na yi kuka, na yi lallashi, ya ce in bai je ba, gobe ni za a nema a ruwa. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, Yaya, na ga abin al'ajabi.

Da hantsi maƙwabciya ta ƙwala min kira, na leƙa ta taga. Jiragen tsallake ne a jere, sun cika kogin. Sojoji suka saita bindigogi, amma ko mutum ɗaya bai sunkuya ba. Ashe masu fito suna da ƙa'ida: duk wanda ruwa ya ci, gaɓar da ta tsince shi ita ke kai shi gida, ko da ana gaba, kuma 'yan gidan su ke maida mai kawowa. Shekara da shekaru ina auren mai fito, ban taɓa ganin an yi ba.

Tsohon da ke gaba na san shi. Shi ne Baban yara ke kira ɓarawon fasinja, shi kuma ya ce masa malalacin kogi. Gawar Baban yara suka kawo, sun yi masa wanka, sun sa masa likkafani sabo fil.

Bayan jana'iza tsohon ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, akwai makamai a siton nan. Amma bango ɗaya ne tsakanin siton da ɗakin da jikokinsa biyu ke kwana, bam ɗin bai bar ko ɗaya da rai ba. Ya ce cikin waɗanda suka yi harbi a kogi har da ɗansa, uban yaran. Yaya, na rasa wanda zan yi wa kuka. Har yau ban san ko tela ne da gaskiya ko malami ba.

Ɗan naki yana tsaye, duk ya ji. Ya shiga ya ɗauko filafilin ubansa, ya kama hannun tsohon ya sa shi a jirgi. Da babban sojan ya zo nemansa, kogi na nuna masa.

Da yaron ya dawo daga kai tsohon, ya je sansanin da ƙafarsa. Ya ce su nemi wani, shi dai ba zai nuna hanyar gidan da ya kawo masa ubansa ba.

Ko za su je duk da haka, Allah masani. Filafilin dai yana bayan ƙofa, yana ɗigar ruwa kamar da.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta